Faifan da ka bari ya tsaya a bakin ƙofar jirgi

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan ta same ka lafiya, in har ta same ka. Ni ce Ummanka daga Madina. Ƙanwarka Rukayya ce ta kunna min kwamfutar mijinta a nan unguwar Ƙurban, ta ce in rubuta a zauren nan na intanet da kake yawan shiga, ko Allah zai sa ka leƙo. Da yatsa ɗaya nake dannawa, in ka ga kuskure ka yi haƙuri.

Tun da aka kama ku a wurin shugul, can inda kuke aiki, aka sa ku a jirgi saboda ba takarda, sau ɗaya na ji muryarka. Ka ce kun sauka Kano, ka ce ana ruwa, sai layi ya yanke. Hajji ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Duk alhazan da nake kai wa tuwo a masaukinsu na Anbariyya na nuna musu hotonka. Su duba, su ce Allah ya bayyana, su tambaye ni ko da sauran miya.

To ba ma wannan na zauna in faɗa ba. Maganar fim ɗin nan ce, katun ɗin 'yan Koriya da ka tsinto a kwandon bakin shago, inda ake zuba faifan da ba mai saye. Ka tuna 'ya'yan kawunka na unguwar Bani Harisa sun ɗan kalla suka tashi, wai ba faɗa, ba waƙa, su na Japan suke so. Ni ma na ce maka ƙato da kai har da gemu kana kallon katun. Ina tsintar shinkafa ne a gefe, ban san lokacin da na ajiye tiren ba.

Wallahi an zalunci fim ɗin nan. Wata tasha ce can a sararin sama, matafiya na yada zango a hanyarsu ta zuwa sabuwar duniya. Wasu guzurinsu ya ƙare suka zauna, suka haihu, 'ya'yan suka haihu. Duniyar da aka baro ba ta san yaran ba, wadda ake nufa ba ta karɓe su ba. Ko ba a faɗa min ba na san mutanen nan.

Kuma akwai tsohuwar nan mai shuka albasa a gwangwani ƙarƙashin fitila. Ka duba yadda suka zana hannunta, jijiyoyin nan duk a waje. Kafin ta rufe tukunya sai ta goge murfin da bakin rigarta. Wanda ya zana wannan yana da uwa, kuma ya zauna ya kalle ta. Mutanen cikin fim ɗin sukan yi shiru mai tsawo ba a cewa komai, sai ƙugin injin tashar kamar tsohon mukayyif ɗinmu mai sanyaya ɗaki. Abin da ya fi tsaya min, ba mugu mai jan ido a ciki. Mutum-mutumin ƙarfen da ke kwashe mutane har gaisuwa suke yi, su riƙe maka jaka, su raka ka ƙofa. Ashe haka abin yake. Lokacin ban sani ba.

Rubutun Larabcin da ke fitowa a ƙasan hoton gudu yake, idona ba ya kamawa, kai ne kake juya min. Kai da in na yi maka Hausa sai dai ka ce tayyib Umma, halas Umma, ranar sai ga ka kana zuba Hausa tun daga farko. A karkace take, gwangwani ma sai da na tuna maka sunansa, amma ban taɓa jin ka yi mai tsawon haka ba. Na yi ta dariya. Ga shi da wannan Hausar aka sauke ka a Kano.

Ka san inda na tsaya. An sa ɗan tsohuwar a jirgi na ƙarshe, ƙofa a buɗe, ita tana tsaye da gwangwaninta, a bayanta kaburburan mijinta da uwarta. Sai aka kira magariba na tashi. Da na idar na ce ta shiga ko ba ta shiga ba? Ka ce, "Umma ba zan faɗa ba, sai kin gani da idonki." Sai aikin alhazai ya taso, sai abin da ya faru ya faru.

Bayan tafiyarka na sa faifan. Daidai wurin nan yake tsayawa. Fuskar tsohuwar ta farfashe gida-gida, ƙafarta ɗaya a ɗage, shi ke nan. Na goge da man goge baki kamar yadda kake yi, na goge da turare, har zamzam na ɗiga masa, Allah ya yafe min. Mijin Rukayya ya zaga shaguna, ba wanda ya ma taɓa jin labarinsa. Wani ya ce masa ai irin waɗannan zubarwa ake yi. Abu mai kyau haka, kuma ba wanda ya lura ya ɓace.

Ɗana, ka san Inna da ƙafa ta ratso Sudan da ni a goye, ba don komai ba sai don a binne ta a maƙabartar Baƙi'a, kuma ta samu. Babanka ya samu. Ni ma abin da nake jira ke nan tun ina yarinya. Kuma ka san yadda kake ba takarda haka nake, in na fita na fita ke nan, ba dawowa. Matan unguwa suna cewa wa ke barin Madina da furfura, mutane na sayar da gona don su zo su mutu a nan. Gaskiya suka faɗa. Rukayya tana nan bayana tana kuka, ta ce ko unguwa ɗaya ban sani ba a Kano, ta ce wataƙila ma ka bar garin, wataƙila ma, sai ta kasa ƙarasawa. Ni ma na san abin da ba ta ƙarasa ba. Ba na jin zan same ka. Na duba zuciyata ban ga alamar haka ba.

Amma likkafanin nan nawa da na jiƙa da zamzam na shanya, wanda ke saman kabad, jiya na sauko da shi na sa a jaka. In alhazan bana sun gama ziyara zan je in miƙa kaina a sa ni a jirgi. Ƙasar da ta karɓe ka, a sama kake ko a ciki, ita za ta karɓe ni.

Kai ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiran sunanka ba, ko ranar da aka tafi da kai kunya ba ta bar ni ba. Yau zan rubuta don wanda ya san ka ya gane. Haruna. Dogo ne kai, da tabo a haɓa, in an yi maka Hausa kana amsawa da Larabci.

Allah ya tsare ka in kana raye, ya ciyar da kai, ya haɗa ka da masu tausayi. In kuma ka riga ni, Allah ya sa an yi maka wanka an yi maka salla, ya haskaka makwancinka. Allah ya sa maƙwabtakar Annabi da na yi ta ishe ni, ko da a nesa aka rufe ni.

Faifan yana cikin jaka, a naɗe cikin likkafanin. Har yau ban san ko ta shiga ba. Ni dai zan shiga.

Ummanka,
daga Madina.