Na yi wa Baba alkawarin barin abin da ke sauƙaƙa min numfashi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe tukunna.

Ni malamin firamare ne, shekarata arba'in da uku, ina koyarwa a wani ƙauye wajen Maradun amma ɗaki na kama a Talata Mafara, kullum da mashin nake zuwa in dawo. Asalina mutumin Birnin Tudu ne ta Bakura, can iyayena suke, mahaifina malami ne, tun tasowata zaurenmu ba ya rabo da masu ɗaukar karatu. Shekara biyu ke nan da Allah ya karɓi ran matata, ciwon kwana huɗu ta yi. 'Ya'yanmu mata biyu suna wurin Inna a gida, ni kuma na dawo ɗakin nan ni kaɗai. Lokacin zaman makoki kowa yabona yake yi, wai ɗan Malam ya yi tawakkali, ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Ni kaina na ɗauka haƙuri ne.

Bayan kamar wata biyar abin ya fara. Ina tsaye gaban allo ina rubutu sai in ji kamar an aza min buhun shinkafa a ƙirji, zuciya na duka, tafin hannu na zufa, numfashi ya maƙale min a wuya. Wata rana bisa mashin ya kama ni, dab da gonakin noman rani, dole na sauka na zauna bakin hanya har ya lafa. Na sha rubutu, na sha maganin olsa, duk shiru. Da na je asibiti aka auna jini aka duba zuciya aka ce lafiyata lau. Ina shirin fita sai wata nas dattijuwa ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya rasu maka?" Wallahi ban faɗa wa kowa komai ba a wurin.

Ita ta koya min abin. Ta ce in zauna in aza hannu a ciki, in ja numfashi ta hanci a hankali har in ƙirga huɗu, in riƙe kaɗan, in sake shi ta baki kamar mai hura kunu mai zafi, kuma in zaɓi kalma guda ta ambaton Allah in riƙa maimaitawa duk sanda na saki numfashin, minti goma kawai. Na zaɓi Hasbiyallahu, na riƙa yi bayan la'asar. Kwanakin farko ban ji komai ba, har ina jin kunyar kaina. Rana ta tara ina cikin yi idona ya faɗa kan silifas ɗin matata da ke bayan ƙofa, waɗanda nake sharewa in mayar inda suke, sai kuka ya ƙwace min, irin wanda ban taɓa yi ba tun ina yaro, har aka kira magariba. Daga nan nauyin ya fara sauka. Na koma cin abinci, na koma iya hira da babbar 'yata a waya, da ba na iya minti biyu saboda muryarta sak ta uwarta.

Da aka yi hutu na tafi gida. Bayan la'asar na zagaya bayan rumbu na zauna ina abina, ido rufe, hawaye na zuba. Ashe Baba ya kira ni har sau uku ban ji ba. Ina buɗe ido na gan shi tsaye da sandarsa, ya ce, "Mi kake yi nan? Wa ya koya ma wanga abu?" Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Sai ƙanena da ke kusa ya sa baki, wai ya gani a bidiyo, wannan zaman da jan numfashin bautar mutanen Indiya ce, suna kawai aka canza. Nan take fuskar Baba ta sauya. Ya ce zikiri wurin malamai ake karɓarsa da adadinsa da ladubbansa, ba a bencin asibiti ba, kuma ƙato irina ya zauna yana kuka bayan shekara biyu kamar yana jayayya da hukuncin Allah ne. Wannan maganar ta fi komai yi min ciwo. Na ce ni ban kira sunan kowa ba sai Allah, ya ce ai shaiɗan ta ƙofa mai kyau yake shiga. Ƙarshe ya ce, "In ni na haife ka, ka bar shi." Na ce na bari. Ya ba ni wuridi in riƙa yi safe da yamma.

Yau sati bakwai ke nan. Wuridin ina yi, ban taɓa fashi ba, amma a guje nake jan shi ƙirji a ɗaure. Ciwon ya dawo. Satin da ya wuce a aji huɗu sai da na dafa tebur, yara suka yi tsit suna kallona, hedimasta ya ce in je gida in huta, bai san gidan ne abin tsoron ba, ɗaki ne da babu mai ce maka sannu da zuwa. Wani lokacin sai in kama kaina na fara jan numfashin, in yi sauri in katse kamar ɓarawo. Na koma asibitin neman nas ɗin aka ce an yi mata canjin wurin aiki. Abokan aiki kuwa hirar siyasa da ƙwallo muke yi, ban san ta inda zan fara ba.

Shekaranjiya Baba ya kira ni da kansa, abin da ba ya yi, ya ce ya jikin. Na ce da sauƙi alhamdu lillahi. Ya ce to Allah shi ƙara sauƙi, ya kashe. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

To 'yan uwa, musamman malamai da ma'aikatan lafiya na cikinku, shin da gaske abin nan ya saɓa wa addini ko da sunan Allah kaɗai nake kira? In koma yi a ɓoye in karya alkawarin mahaifina, ko in nemi wani malami sa'ansa ya yi masa magana, alhali na san zai ji kamar na kai ƙararsa ne? Baba ya haura tamanin, ba na son ya bar duniya yana fushi da ni, ba kuma na son in faɗi bisa hanya wata rana yarana su rasa uba bayan uwa. Ran Juma'a zan je gida. In na durƙusa gabansa na gama gaisuwa, me zan ce masa?