Ba Gishirin Ba Ne

Takwara,

Na leƙa kina barci, ban tashe ki ba. Na tafi asibiti bin layi, ko Allah zai sa in ga likitan kakanki.

Kyafaffiyar agwagwar da kika sayo masa, jiya kafin ki dawo aiki na yi mata yadda likita ya ce. Na jiƙa ta sau uku gishirin ya fita, na ɗaye fatar, na cire kitsen kaf, na dafa da kabeji da karas. Loma biyu ya yi, ya ture kwanon. Wai, “Tsohuwa, tsumma kika dafa mini?” Na ce tsumman ma ya fi ƙarfin haƙoranka. Bai yi dariya ba.

Allah Ya yafe mini, sai na karya doka. Na lakato gishiri na ɗora masa a harshe. Ya tsotsa, ya dube ni, ya ce, “Mene ne wannan?” Mutumin da tun daga ƙofar gida yake gane na rage albasa a miya!

Wata biyu ina ɗora wa rashin gishiri laifin ramar nan tasa. Ashe bakin ne ya mutu. Dabarata ta ƙare, takwara.

Sauran yana firji, a kwano mai murfi. In ya tashi ki ɗumama ki ba shi da hannunki, ke ba ya ce miki a'a. Kada dai ki tambaye shi ko da daɗi. Zai ce eh don ya faranta miki, kuma ƙaryar za ta fi yunwar cin ransa.

Kakarki