Fitilun Soro da Igiyata

Assalamu alaikum, Ɗanlami.

Ina gajiya? Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya mai ɗakinka da yara? Mu nan Gazara sai godiya.

Mai wayarin da ka turo daga Makarfi ya gama. Ya huhhuda silin soro, ya ja waya, ya cusa ƙananan fitilu a ramukan, makunni ɗaya ke kunna su. Ka ce don kada in ƙara faɗuwa.

Igiyar da na ɗaura jikin bango, wadda nake bi in fita masallaci, ya kwance ta. Na hana, ya ce, "Baba, Alhaji ya ce a kwashe tarkace. Ga haske, me za ka yi da igiya?"

Da ka zo da kanka, da ka ga yanar da ta rufe mini ido. Maƙwabta na ta shigowa kallo, wai kamar otal. Ni duhun dai ɗaya ne. Tun ranar a ɗaki nake salla.

Ka gai da iyali, ka sa ni a addu'a. Kada ka sake turo kowa. Igiyata zan lalubo in mayar da hannuna.

Mahaifinka.