Ragon Tarbar Amna

Gummi, daren Talata, Sha'aban 2015

Amna ta kira daga Sudan tana kuka. Ofishin jakadancinmu na can sun sake maido ta. Bizar wata ɗaya tak muke roƙo don matata ta zo ta ga Inna, wai sai ta kawo shaidar ni ne mijinta. Ta nuna hotunan ɗaurin aurenmu, mutumin ya duba ya ce, "To ina amaryar?" Don Allah wace amarya ke zuwa masallaci ranar ɗaurin aurenta? Maza ne zalla a hoton. Limamin da ya ɗaura ya rasu, takarda kuwa ban karɓa ba, lokacin ina ɗalibi a Sudan.

Wallahi na gaji.

Yau Inna ko kunu ta kasa sha. Da na shiga gaishe ta, ta ce, "Baƙuwata ta taso?" Na ce tana hanya. Tun bara ta ɗaure rago na tarbar surukarta. Ta ce, "Ku ƙara mai dussa, kada ta iske shi ba maiƙo."

Na fita na zuba masa. Rago sai ƙiba yake, Inna sai ramewa.