Gidan Kaka a Misfala

Laraba, 9 ga Rajab, bayan isha'i

Yau na kai Sabi'u ziyara, ɗan baffana da ya zo umara daga Jamus. Tun a mota yake nuna mini hotunan ƙauyen da yake zaune a bakin kogi. Ga hanyar keke, ga tsohuwar gada, ga wani gida da ya girmi kakan kakanmu, har yau da mutane a ciki. A bangonsa sun ja layi duk inda ruwa ya kai a kowace ambaliya. Ko ɓarna ba su yarda a manta da ita ba.

Sai ya ce, "Yaya, kai ni gidan Kaka a Misfala. Tun ina yaro nake jin yadda ya zo Makka da ƙafa."

Na kai shi unguwar. Otal-otal ne kawai da wurin ajiye motoci. Sau uku na zaga ina neman lungunmu, ban gane ko kwanarsa ba. Ni da aka yanke wa cibiya a gidan!

Kunya ta sa na nuna masa wani ginshiƙin siminti, na ce, "Nan ƙofar take."

Ya yi wa Kaka addu'a har da hawaye, ina tsaye ina cewa amin. Ya ɗauki hoto, wai zai nuna wa 'ya'yansa.

Gobe zan faɗa masa gaskiya. To, in ya ce in nuna masa ainihin wurin fa?