Tabarau ɗin Malam Modu

Laraba, 12 ga Maris, 1997

Yau na je Nguru gaishe da Malam Modu, tsohon da na rubuta kundin digirina a kan waƙoƙinsa. Daga kaset na kwafe su duka, bai sani ba.

Ya ɗauko sabuwar waƙa ya ce, "'Yata, muryata ta dushe. Karanta mini in ji ta a bakin mai ilimi."

Da ajami ya rubuta. Shafi casa'in na yi a kan salonsa, amma baitin farko ya gagare ni. Na ce na manto tabarau ɗina a Gashuwa, ni da ban taɓa sa tabarau ba.

Sai ya cire nasa, ya goge da bakin riga, ya miƙo mini.

Kuma na karɓa.