Ranar da Rana Ta Fito Bayan Kiran Magariba

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke bugo wa ladanai waya idan lokacin sallah ya yi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Hadiza, ina koyarwa a Islamiyyar ƙauyenmu da ke gabas da Minjibir. Ni 'ya ce ga Malam Sabo, ladanin masallacinmu. Na zaɓi in yi maganar nan a bainar jama'a ne domin abin da ya same shi ma a bainar jama'a ya faru.

Na farko, abin da ya auku. Tun kafin a haife ni Baba yake kiran sallah, kuma da ido yake aunawa. Da yanar ido ta rufe masa gani, ga wuta babu, ga batir ya yi tsada har agogon masallaci ya tsaya, sai mutanenku suka zo ran kasuwa suka yi wa lambar wayarsa rajista. Waya za ta yi ƙara, murya ta ce lokaci ya yi, da Hausa garau. Shekaru ana haka ba ta taɓa saɓa wa rana ba, har Baba yana kiranta na'ibinsa.

A azumin bara, tsakiyar damina, mutane sun wuni suna maimai a gonakin gero, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Da yamma hadari ya haɗo daga gabas ya rufe sama ruf. Gari ya yi duhu har kaji suka hau. Wayarku ta yi ƙara, Baba ya miƙe ya kira sallah. Wallahi ina riƙe da kofin kunun tsamiya, na kurɓa na sake kurɓa, sai hadarin ya ɗaga ta yamma, ga rana jajawur a kan kukar bayan gari, ba ta ko taɓa ƙasa ba. Subhanallahi! Wani da dabino a baki, wani da moɗa a hannu, kowa ya zuba mata ido. Ban taɓa ganin rana mai kyau da ban tsoro irin ta ranar nan ba.

Liman ya ce babu zunubi a kan kowa, ramuwa ce kawai, kuma duk mun rama. Amma tun daga wannan yamma Baba bai sake kiran sallah ba. Ya ce mutumin da ya shayar da gari guda ruwa da rana tsaka ba shi da bakin da zai kira kowa zuwa ga Allah.

Na biyu, abin da na gano. Ni ba na barin magana a ciki. Na hau mota har ofishinku na birni, aka yi ta wurga ni daga wannan tebur zuwa wancan, har Allah ya haɗa ni da wata injiniyarku, yarinya mai kirki, wadda ta zaunar da ni ta warware mini komai. Yallaɓai, na je ne da faɗa, na dawo da mamaki.

Ashe kwamfutar da ke bugo mana waya ba ta da jiki nata na kanta. Babbar na'ura ce guda ɗaya, aka rarraba ta kamar gidan haya, kowane ɗaki na zaton shi kaɗai ne gida. Agogon gaske ɗaya ne tak, wani ɗan ƙanƙanin dutse da ke karkarwa ba ya gajiya, kuma yana hannun maigidan, wato shirin da ke kula da 'yan hayar. Su 'yan haya ba sa ganinsa. Maigida ne ke zagayawa yana ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa, sau ɗaruruwa kafin ƙiftawar ido, su kuma suna ƙirga ƙwanƙwasar, da ita suke sanin lokaci. Ikon Allah! Na'ura tana yi wa na'ura kwaikwayon agogo, mu kuma can a ƙauye muna ɗaura azuminmu a kai ba mu sani ba. Na yi ta tasbihi a mota har Minjibir.

To, a makonnin azumin na bara aiki ya yi wa babbar na'urar yawa, don kun saka mata rajistar takin zamani a wani ɗakin. Maigida ya riƙa makara. Idan ya samu sarari sai ya rama ƙwanƙwasar da ya tsallake a jere. Ita kuma 'yar hayar tamu mai bugo waya, da ta ji shiru ya yi yawa, sai ta ƙara wa lissafinta da kanta. Uwa ta sa gishiri a miya, 'ya ta zo ba ta tambaya ba ta ƙara. Kullum kaɗan-kaɗan agogon yana gaba, ba wanda ya gwada shi da wani agogo na waje. A ranakun da sama take tas, masu ido suna tsayar da Baba har rana ta faɗi, kowa na ɗauka rawar kan waya ce. Ranar hadari babu wanda ya ga abin da zai tsayar da shi.

Injiniyar ta ce yanzu kun gyara. An daina yawan ƙwanƙwasar nan da ke cinye ƙarfin na'ura, an rataya agogo a zaure, duk ɗan hayar da ke so ya leƙa ya gani, ba a tashinsa sai yana da aiki. Na yaba, har ga Allah na yaba. Wanda ya yi wannan tunani Allah ya ƙara masa basira.

Na uku, kuma nan ne ƙorafina. Kun gyara na'ura, kun bar mutum. Abin da kuka aiko mana bayan abin ya faru layi biyu ne na Turanci, wai an samu 'yar tangarɗa, a yi haƙuri. Haba Yallaɓai! Da Hausa kuka ce mana mu sha ruwa, amma ban haƙuri sai da Turanci? A ƙauyenmu ba wanda ya karanta shi sai ni da malamin asibiti. Har yau idan mutum ya yi gaggawa a kasuwa, sai a ce masa kada ya yi ta Malam Sabo. Na faɗa wa Baba duk abin da na jiyo, zancen gidan haya da gishiri, ya saurara har ƙarshe. Ya ɗauka lallashi ne irin na 'ya da uba.

Ga roƙona. Ku turo mutum, ko ita wannan injiniyar, ya tsaya a ƙofar masallacinmu bayan sallar Juma'a ya faɗa da Hausa cewa agogonku ne ya yi gaba, ba ladan ba. Ku sa a riƙa gwada agogon nan da wani na waje kullum, musamman idan kun ɗora wa na'urar sabon kaya. Sannan muryar da ke bugo waya ta riƙa ƙarawa da cewa a duba rana, in akwai hadari a jinkirta. Ba diyya muke nema ba.

Ku hanzarta, don Allah, watan Sha'aban ya kama. Baba yana azumin Litinin da Alhamis, kuma ina ganin yadda yake yi. Yana zama a ƙofar gida ya fuskanci yamma da idanun da ba sa gani. Wanda ya gaje shi zai kira sallah, a yi, a idar, a watse, shi yana riƙe da dabinonsa bai kai baki ba. Sai na fito na rantse masa cewa taurari sun fito.

Allah ya yi maka jagora, ya albarkaci aikinku, ya sa agogonku ya riƙa tafiya daidai da na Ubangiji. Ya kuma nuna mini ranar da zan sake jin muryar mahaifina daga masallaci.

Wassalam.

Hadiza, 'yar ladan,
daga ƙasar Minjibir.